Jagora Ga Mai Koyon Aikin Ƙididdigar Gini

Da wuya ka zaga sabuwar unguwa a Kano, Kaduna ko Gusau ba ka ga ginin da ya tsaya a linta ba, rodi ya yi tsatsa, ciyawa ta fito a tsakar falo. Wani lokaci ƙaddara ce ta faɗa wa mai ginin. Amma sau da yawa tun farko ba a san abin da ginin zai ci ba, an dai kama aiki da abin da ke hannu, ana fatan sauran zai zo. Sana'ar ƙididdigar gini an kafa ta ne don toshe wannan ɓaraka. Mai ita, wanda ma'aikata ke kira QS, ba shi ne safiyon da ke auna fili yana kafa duwatsun iyaka ba. Shi zanen gini yake ɗauka, ya fitar da yawan ƙasar da za a haƙa, da kankare, da bulo, da rodi, da kwano, ya sa wa kowanne farashi, sannan ya bi kuɗin tun daga saran farko har ranar miƙa makulli.

Wannan jagora ta matashi ce, namiji ko mace, da ya shiga ofishin masu ƙididdiga ko kamfanin ɗan kwangila yana koyo. Abu ɗaya nake so ya zauna maka tun yanzu: jarinka a wannan aiki shi ne adadin da wani zai iya bin sawunsa ya tarar da shi daidai. Duk abin da zan faɗa a ƙasa hanya ce ta samun wannan.

Hanyar shiga

A Najeriya ƙofofi biyu ne. Akwai ta kwalejin kimiyya da fasaha, irin Kaduna Polytechnic, inda ake yin ƙaramar difloma shekara biyu, a fita aikin sanin makama na shekara guda, a dawo a yi babbar difloma shekara biyu. Akwai kuma ta jami'a, irin Ahmadu Bello ta Zariya, da ta fasaha ta Minna, da Abubakar Tafawa Ɓalewa ta Bauchi, inda ɗalibi kan fita wata shida na koyon aiki ƙarƙashin shirin SIWES da hukumar ITF ke kula da shi.

Takardar makaranta ba ta mai da mutum cikakken QS. Ƙungiyar masu sana'ar, NIQS, wadda aka kafa a 1969, ita ke shirya jarrabawar ƙwarewa bayan mutum ya yi aiki ƙarƙashin wanda ya riga shi, kuma tana so ta ga kundin da ya rubuta ayyukan da ya yi. Hukumar QSRBN, wadda doka ta 31 ta 1986 ta kafa, ita ke yi wa mutum rajista ya samu ikon sa hannu da hatimi. A Ingila, inda sana'ar ta samo asali, akwai tsarin da matashi ke aiki a kamfani yana karɓar albashi, yana kuma zuwa jami'a wasu ranaku, har ya kai ga jarrabawar ƙungiyar RICS. Tsari ya bambanta, amma sharaɗin ɗaya ne: sai ka zauna a gaban wani ka koya da hannunka.

Saboda haka ka buɗe kundin aikinka tun makon farko. Kowace rana ka rubuta aikin da ka taɓa, da abin da ka auna, da wanda ya duba maka, maigidanka ya riƙa sa hannu. Wanda ya bari sai jarrabawa ta matso yakan zauna yana ƙago abin da bai tuna ba, masu tantancewa kuwa suna gane irin wannan kundi.

Fara da karatun zane

Kafin ka taɓa na'urar lissafi, ka iya karanta zane. Gini ɗaya yana da zanen mai tsara gini, da na injiniyan da ke fitar da ginshiƙai da rodi, da na lantarki, da na famfo. Ka shimfiɗa su gefe da gefe, ka bi ginin daga tushe zuwa rufi har ka iya ganinsa a zuciyarka. Ka duba ma'aunin kowane zane, ko 1:100 ne, ko 1:50, ko 1:20. Ka duba kwanan wata da lambar gyara da ke kusurwar takarda, domin babu asarar da ta kai mutum ya kwana uku yana awo a kan zanen da aka riga aka canza.

Ƙa'idoji biyu ba sa sauyawa. Ta farko, adadin da aka rubuta a zane ya fi abin da ka auna da rula ƙarfi, domin takarda tana miƙewa ko ta tsuke wajen bugawa. Ta biyu, in zane biyu suka saɓa, kada ka zaɓi wanda ya yi maka daɗi. Ka rubuta tambayar a takardar tambayoyi, da lambar zanen da wurin da saɓanin yake, a aika wa mai zanen. In amsa ta yi jinkiri kuma aiki na jira, ka rubuta zaton da ka yi aiki da shi a fili, yadda duk wanda ya zo bayanka zai gani.

Fitar da awo

Nan ne zuciyar sana'ar. Ana yin awo bisa littafin ƙa'ida, domin in masu ƙididdiga biyu suka auna gini ɗaya su tashi da abu ɗaya. A Najeriya littafin shi ne BESMM na ƙungiyar NIQS, wanda bugu na huɗu ya fito a 2015. Shi ke faɗa maka abin da ake aunawa da mita, da wanda ake aunawa da murabba'in mita, da na mita kubik, da na kilo, da wanda ake ƙirgawa ɗaya-ɗaya. Ka samu naka, ka ajiye shi kusa da hannu.

Takardar awo tana da layuka huɗu. Na farko na ninki ne, wato sau nawa abin ya maimaitu. Na biyu na awo, ana jera tsawo, sai faɗi, sai zurfi ko tsayi, kullum a wannan tsari. Na uku na sakamakon lissafi. Na huɗu na bayanin abin da aka auna, kuma a gefensa ake yin ƙananan lissafin da suka haifar da adadin. Ko da ofishinku Excel yake amfani da shi, ko PlanSwift, ko CostX, ka koyi wannan da biro tukuna. Kwamfuta tana saurin ba da amsa, amma ba ta sanin ka manta da wani bango.

Bari mu gwada da ɗaki guda. A ce daga waje tsawonsa mita 6.00, faɗinsa 4.50, bangon kuma bulo ne mai inci tara, wato kaurin milimita 225. Zagayen waje zai ba ka mita 21.00. In ka yi aiki da wannan, za ka ƙirga kowace kusurwa sau biyu. Sai ka cire kaurin bango sau huɗu, wato 0.90, ya rage 20.10. Wannan shi ne tsawon layin tsakiyar bango, kuma da shi za ka auna kusan komai na tushe.

A ce zane ya nuna ramin tushe mai faɗin 0.70 da zurfin 0.90 bayan an kwashe ƙasar sama. Haƙa zai zama 20.10 sau 0.70 sau 0.90, wato mita kubik 12.66. In kaurin kankaren da za a zuba a gindin ramin 0.25 ne, kankare zai zama mita kubik 3.52. Kada ka tsaya nan. Ƙasar da aka haƙo, wata za a mayar a cike gefen bango, wata za a kwashe, kuma kowanne aiki ne da ake biya. Sabon ɗan koyo yakan auna abin da ido zai gani in an gama, ya manta da wahalar da aka sha kafin a kai can.

Bangon sama, in tsayinsa 3.00 ne, zai ba ka murabba'in mita 60.30. Ka cire ƙofa mai 0.90 da 2.10, wato 1.89. Ka cire tagogi biyu masu 1.20 da 1.20, wato 2.88. Saura 55.53, kafin a cire wurin da linta da ginshiƙai suka ci, waɗanda ake aunawa daban a matsayin kankare, da rodi, da katakon da ake zuba su a ciki.

Ka bi tsari ɗaya kullum: tushe, ginshiƙai da rufin kankare, bango, rufi, ƙofofi da tagogi, filasta da daɓe da fenti, famfo da lantarki, sai ayyukan waje kamar katanga da shadda. Duk abin da ka auna ka shafa masa launi a zane, wurin da ya rage fari shi ne abin da ka tsallake. In ka yi kuskure kada ka goge, ka soke shi yadda za a iya karantawa, ka rubuta daidai a ƙasa. Kuma wani ne zai duba lissafinka, kai ma ka duba nasa. Wannan ba rashin yarda ba ne, haka aikin yake, har manya ana duba musu.

Daga nan ake tattara abubuwa masu kama da juna, a jera su cikin kundin ƙididdiga da ake kira BOQ, wanda 'yan kwangila za su sa wa farashi lokacin neman aiki.

Daga awo zuwa farashi

Akwai bambancin da ya kamata ka riƙe da kyau. Kundin ƙididdiga yana ɗauke da aikin da aka gama a jikin gini, ba tare da ɓarna ba. Ɓarnar kaya, kamar bulon da ya fashe da guntun rodi da simintin da ya zube, cikin farashi ake sa ta. Takardar sayen kaya kuwa ita ce ke faɗin abin da za a je kasuwa a sayo.

Wasu adadi sai ka haddace su. Bulo mai tsawon milimita 450 da tsayin 225, kusan guda goma ke rufe murabba'in mita ɗaya, don haka bangonmu na ɗazu zai ci wajen bulo 555. Buhun siminti kilo 50 ne. Kankare mai haɗin 1:2:4 yana cin buhu shida da ɗan ɗoriya a kowace mita kubik, mai haɗin 1:3:6 kuwa kusan buhu huɗu da rabi, wato in da wannan haɗin aka yi tushen ɗakinmu zai ci wajen buhu 16. Nauyin rodi a kowace mita kuwa, ka ninka kaurinsa da kansa ka raba da 162. Mai milimita 12 zai ba ka kilo 0.89, sanda guda mai mita 12 ta kai kilo 10.67, kusan sanda 94 ke nan a tan ɗaya. Mai milimita 16 kilo 1.58 ne a mita. Kada ka manta da wurin da rodi ke hawa kan juna in an haɗa, da lanƙwasar bakinsa.

Farashin kowane abu ana gina shi ne daga kuɗin kaya har zuwa filin aiki, da ɓarna, da ladan ma'aikata, da hayar na'ura, da kuɗin tafiyar da kamfani, da riba. A ƙarshen kundi ake ɗora harajin VAT, wanda ya koma kashi 7.5 cikin ɗari a 2020. Kada ka kwafi farashi daga tsohon kundi. Wanda ya sa farashi a farkon 2023 ya ga yadda cire tallafin man fetur da sakin darajar naira a tsakiyar shekarar suka mai da lissafinsa tarihi cikin 'yan watanni. Ka taka da ƙafarka zuwa Ƙofar Ruwa in kana Kano, ko Dei-Dei in kana Abuja, ka tambayi dillalai uku, ka rubuta farashi da kwanan wata, ka tambaya ko har da dako da lodi. Nisa ma farashi ne: siminti daga Obajana, ko Ashaka, ko Kalambaina ta Sakkwato, ba kuɗi ɗaya yake isa kowane gari ba. Tifar yashi ita ma sai ka san girmanta, domin sunan tifa ɗaya ne amma cikinsu ba ɗaya ba.

Ladan aiki kuwa a filin aiki ake koyonsa. Ka tsaya ka ƙirga bulo nawa birkila da leburansa suke ɗorawa a yini, a ƙasa da kuma a bene. Ka lura da bambancin aikin yini da na jinga. Ka lura da yadda aiki ke raguwa da azumi, da ranar Juma'a, da lokacin da damina ta kankama leburori suka koma gona. Waɗannan ba sa cikin littafi, kuma su ne ke raba mai ƙiyasi na gaskiya da mai cika takarda.

A filin aiki

Gani ya kori ji. Duk ranar da aka ce wa zai je filin aiki, ka ce kai ne. Ka tafi da tef, da littafi, da waya mai ɗaukar hoto, da hular kwano, da takalmi mai kauri. Ka fara gaida foman, ka gaida birkila da kafinta da mai ɗaurin rodi da girmamawa. Dattijon da ya daɗe yana gini zai nuna maka abin da zane bai faɗa ba, in ka zo masa da ladabi kana cewa, “Baba, yaya ake yin nan?” In ka zo da taƙamar takarda, zai bar ka da takardarka.

Abin da ya fi muhimmanci shi ne auna duk abin da za a binne kafin a binne shi: zurfin rami, kaurin kankaren tushe, rodin da ke cikin ginshiƙi, bututun da ke ƙarƙashin daɓe. Aikin tushe galibi awon wucin gadi ake sa masa a kundi, domin ba a san halin ƙasa ba sai an haƙa. A wasu sassan Borno da Adamawa akwai baƙar laka mai kumbura da damina ta tsage da rani, a wasu wuraren kuma dutse ake tararwa. Sai an sake awo a wurin, kai da wakilin ɗaya ɓangaren, na mai gini ko na ɗan kwangila, ku sa hannu tare a ranar. In an zuba kankare an rufe, sai gardama, kuma gardama ba ta da tef.

Ka riƙa gwada kaurin rodin da aka kawo. In an sayar muku da mai milimita 11 da sunan mai 12, ƙarfen da ke ciki ya ragu da kusan kashi 16 cikin ɗari, an kuwa biya kuɗin cikakke. Hukuncin ƙarfin gini na injiniya ne, amma sanar da shi da maigidanka a rubuce hakki ne a kanka.

Ƙimar wata-wata da canje-canje

A manyan ayyuka ana biyan ɗan kwangila ne kashi-kashi, galibi duk wata. Kai za a aika ka auna abin da aka yi. Lissafin yana tafiya haka: ƙimar duk aikin da aka yi tun farko, a haɗa da kayan da ke ajiye a filin aiki, a cire kuɗin riƙo, wato kason da mai gini ke riƙewa, a cire abin da aka riga aka biya. A ce aikin da aka yi ya kai naira miliyan 40, kayan da ke ƙasa miliyan 5, jimla 45. Kuɗin riƙo, in yarjejeniya ta ce kashi biyar cikin ɗari, miliyan 2.25 ne, saura 42.75. In an riga an biya miliyan 30, abin da za a biya yanzu 12.75 ne. In an ba da kafin alƙalami a farkon aiki, shi ma ana zare shi sannu a hankali yadda yarjejeniya ta tsara. Kullum daga farko ake sake lissafi, domin kuskuren watan jiya ya gyaru a na yau. Kuɗin riƙon kuwa akan saki rabinsa in an gama aiki, sauran bayan wa'adin gyaran abin da ya lalace.

Sai canje-canje. Mai gini zai zo ran Asabar ya ce, “A ƙara mini taga a nan, a mai da wannan tayil ɗin mabul.” Foman zai ce to, aiki ya wuce. Bayan wata shida babu wanda ya tuna wa ya ce me. Duk umarnin da aka bayar da baki, ka tabbata an mai da shi rubutu daga wanda yarjejeniya ta ba ikon ba da umarni, da kwanan wata. Ka buɗe wa canje-canje rajista, ka auna abin da aka cire da abin da aka ƙara, ka sa farashi tun abin yana sabo. Lissafin ƙarshe na kwangila ba ya wahalar da wanda ya yi haka. Kuma ka karanta yarjejeniyar aikin da kanka, ko ta tsarin JCT ce ko ta FIDIC, musamman abin da ta ce kan tashin farashi da jinkiri. In aikin gwamnatin tarayya ne, ka san abin da dokar sayen kaya da ba da kwangila ta 2007 ta tanada.

Amana

Ranar gwajinka za ta zo da wuri, kuma ba za ta zo da mummunar fuska ba. Wani zai ja ka gefe ya ce, “Ƙanena, ka ɗan ɗaga mana awon nan, ai wata mai zuwa za mu cike, ga na goro.” Wani kuma daga ɓangaren mai gini zai so ka danne wa ɗan kwangila abin da ya yi gumi a kai. Duka biyun tauye mudu ne, kuma mun san matsayin mai tauye mudu tun muna makarantar allo. Amsarka ba ta bukatar faɗa: “Ranka ya daɗe, abin da tef ya nuna shi zan rubuta, sauran magana sai da maigidana.” Sannan ka sanar da maigidan. Wanda ya karɓa sau ɗaya ya zama nasu, ba zai ƙara iya cewa a'a ba.

Haka kuma farashin da ɗan kwangila ya sa lokacin neman aiki sirri ne. Ba a faɗa wa aboki, ba a tura hotonsa ta WhatsApp.

Shekarun koyo suna da wuya. Alawus kaɗan ne, za ka yi kwafin takardu, za ka sake awon da ka ɗauka ka gama, za ka sha rana da ƙura. Ka nemi a ba ka aiki guda ka bi shi tun daga zane har lissafin ƙarshe, ko da ƙaramin aji biyu ne na firamare, domin wanda ya ga aiki ɗaya daga farko zuwa ƙarshe ya fi wanda ya taɓa gutsattsarin ayyuka goma. In ka samu dama ka ɗanɗana ɓangarorin biyu, ofishin masu ba mai gini shawara da kamfanin ɗan kwangila, ka san yadda kowanne ke kallon naira ɗaya. Ka tambayi maigidanka dalilin kowane gyara da ya yi maka, ka rubuta, kada ya sake yi maka shi karo na biyu. In ka riƙe wannan, rana za ta zo da mai gini da ɗan kwangila za su saɓa a kan kuɗi, kowannensu ya ce a kira ka ka auna, kuma ya yarda tun kafin ka iso cewa abin da ka faɗa shi ke nan. Allah ya sa albarka a koyo.